Likitocin Hita a Lokacin Hunturu

Ba mai tunawa da hitar motarsa sai Disamba ta kama. Ka fito da asuba a Jos ko Zariya, yatsu sun ƙage a kan sitiyari, ka murɗa maɓalli zuwa ja, iska ta fito salam, ba ɗumi ba sanyi. Kana faɗa wa mutum ɗaya, likitoci sun taru.

Na farko maƙwabci ne da bai taɓa ɗaga bonet ba: "Hita a Najeriya, Alhaji? Sa rigar sanyi mana." Sai dattijon da ya taɓa riƙe Fijo 504 haɗin Kaduna, wanda amsarsa ga kowace tambaya ita ce motocin yanzu duk roba ne. Taka kuwa Golf 3 ce, ta girmi autansa. Shi rewaya komai a wurinsa waya ce. Fanka tana busawa lafiya, zafi ne babu, amma sai ya zare fis ya hure ya mayar. In ka yi sake ya haɗa maka fankar lagireto kai tsaye da makulli, injin ya ƙara yin sanyi, ka biya kuɗin aiki.

Wanda na fi so shi ne sarkin cire tamostat. Kun saba, domin shi ne ya cire maka ita a watan Afrilu da mota ta yi zafi, alhali lagireto ne ya toshe. Ranar ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Ka ganta, ranka ya daɗe? Wannan ta Turai ce, don ƙanƙara aka yi ta. Motar Beljiyam in ta shigo ta Kwatano dole a raba ta da ita." Ya jefa ta cikin gwangwanin da 'yan uwanta suke, kamar wanzami ya cire beli. Ba ya son jin cewa aikinta shi ne tsare ruwa a cikin injin har ya kusa digiri 90 kafin ta sake shi zuwa lagireto, kuma daga wannan ruwan ne hita take samun zafinta. Babu ita, ruwa sai yawo, injin ba ya ɗumama, mai kuma yana tafiya. Yanzu ka dawo kana rawar ɗari, sai ya leƙa allurar zafi da take kwance a ƙasa, fuskarsa ta cika da fara'a. "Masha Allah! Ko motsi ba ta yi. Injin nan ya ji daɗi." Ka ce a mayar maka da tamostat, ya dube ka da tausayi, ya ce sai an aika Ƙofar Ruwa. Taka ta cikin gwangwani fa? Yara sun sayar wa 'yan gwangwan.

Akwai mai gajerar hanya. Ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod ya fara yoyo, gilashi yana yin raɓa, kafet ya jiƙe, shi kuma ba zai kwance dashbod ba. Sai ya haɗa tiyon shiga da na fita, ya kewaye abin gaba ɗaya. Dabarar tana aiki, da ma a ce yana faɗa wa mai mota cewa ya kashe masa hita.

Akwai kuma mu, masu lulluɓa da bargo a bayan sitiyari, muna lissafin cewa Maris ba nisa.

Can gefe akwai wani marar surutu. Zai bar injin ya ɗumama, ya taɓa tiyo biyun nan da suka ratsa bango zuwa cikin mota. Ɗaya zafi ɗaya sanyi, tsatsar ruwan rijiya ta toshe hanya, sai wanki. Duka biyun zafi, murfin da ke juya iska a dashbod ne ya maƙale. Duka biyun salam, ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, ko an bi ta hannun sarki. Da yake bai kwance komai ba, shi ake ba kuɗin shayi.

Guda ɗaya ne ba na yi wa dariya. Shi ne ogan da za ka tsaya gabansa da injin da ya sha tafiya, yana zaune a benci, ya ce da yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba: "Kai, buɗe lagireto ka duba ruwa." Ya san ruwan a matse yake, ya san ya haura digiri 100, ya san da an sassauta murfi zai yi tsiri ya wanke fuskar mai buɗewa. Shi ya sa bai tashi da kansa ba. Yaron ya naɗe hannu da tsumma yana kau da kai, oga yana tsawa wai ya cika tsoro. In na ga haka nakan rufe bonet ɗina, in ce masa sanyin bai dame ni ba.