'Yan Gayyar Soɗi a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da raba dare wajen kallon wasan nan da mutanen Amurka suke kira ƙwallon ƙafa, alhali ƙafa ba ta taɓa ƙwallon sai nadiran, shi kansa ƙwallon kuma ya fi kama da gwandar da aka fiƙe ta gaba da baya, zai tarar cewa a jami'o'in ƙasar ba a shiga wannan fage sai da gayyata. Tun yaro yana sakandare ake aiko masa da 'yan leƙen asiri, su auna tsawonsa da nauyinsa, su ƙidaya daƙiƙoƙin da yake cinyewa kafin ya gama gudun yadi 40, sa'an nan masana su yi masa hukunci da taurari, wanda ya sami biyar shi ne gwani na gwanaye. Irin wannan yaro kocin babbar jami'a da kansa yake zuwa gidansu, ya ci girkin mahaifiyarsa ya yaba ko da gishiri ya zarce, ya yi alkawarin karatu da ɗaki da abinci kyauta. Shekara da shekaru kafin 2025, ƙa'ida ita ce mutum 85 kaɗai kowace babbar jami'a take iya ɗauke wa wannan nauyi.

Amma ba a taɓa yin walima a duniya ba tare da an sami waɗanda ƙamshi ya jawo su ba. Akwai wata jama'a da ba a aika musu goron gayyata ba, su suke biyan kuɗin karatunsu, su tako da ƙafarsu su tsaya a ƙofar koci suna roƙon a ba su kwalkwali da lifidi, domin kawai a riƙa kayar da su ƙasa kowace yamma fisabilillahi. Sunan da Amurkawa suka sa wa irinsu ma'anarsa wanda ya tako ya shigo, mu kuwa tun kaka da kakanni muna da lafazin da ya fi dacewa da su, watau 'yan gayyar soɗi. Bayan doguwar muɗala'a a kan ahwalinsu, na ga sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa, ga su kamar haka.

Ɗabaƙa ta farko ita ce ta mai naci, wanda son wata jami'a guda ya shiga jininsa tun yana goye, har ya zama in an kore shi ta ƙofa sai a tarar da shi a taga yana gaisuwa. Limamin wannan mazhaba shi ne Daniel Ruettiger, wanda aka fi sani da Rudy, mutum mai tsawon ƙafa 5 da inci 6, wanda jami'ar Notre Dame ta ƙi karɓarsa sau uku, a na huɗu ta gaji ta buɗe masa. Ya yi shekara biyu ƙattai suna gwada ƙarfinsu a kansa, sai ran 8 ga Nuwamba 1975, yana da shekara 27, aka tura shi fili ana dab da tashi daga wasa da Jojiya Tek, bayan an riga an ci wasan an sha ruwa. A karon ƙarshe ya kutsa ya kayar da madugun abokan gaba, watau mai jefa musu ƙwallo, wanda cikin ikon Allah shi ma sunansa Rudy, 'yan'uwansa kuma suka ɗauke shi a kafaɗa suka fita da shi. A 1993 aka yi fim a kan wannan ƙissa, kuma daga ranar ba a sake samun gajeren yaro a Amurka da ya yarda cewa gajarta uzuri ce ba, abin da ya ƙara wa kocina wahala matuƙa.

Ɗabaƙa ta biyu ta mai riƙo ce, wanda yake yawo da kundi a zuciyarsa, ya rubuta sunan duk wanda ya taɓa raina shi da rana da wata, ba ya kuma yarda da sulhu sai ya karɓi bashinsa a bainar jama'a. Baker Mayfield ya shiga Teksas Tek a 2013 ba gayyata, tun wasan farko aka damƙa masa madugantaka, amma da saɓani ya gitta tsakaninsa da kocin sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi Oklahoma, nan ma ya sake shiga ba a kira shi ba, ya cika gayyar soɗi biyu, abin da ko a gidan biki sai mai ƙarfin hali. A 2017 ya je har gidan Ohayo Sitet ya ci su, sa'an nan ya sure tutar jami'arsa ya ruga tsakiyar filinsu ya caka, ya manta cewa ciyawar wurin ta roba ce, ba ta karɓar shuka. A shekarar ce ya karɓi kyautar Heisman, wadda ita ce ƙololuwar daraja a wannan wasa, ya zama ɗan gayyar soɗi na farko da ya taɓa samunta, a 2018 kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen ƙungiyoyin ƙwararru na NFL. Mai wannan hali ba daɗin zama gare shi ba, sai dai ya fi kyau ya kasance a sahunka da a ce yana sahun da ke fuskantarka.

Ta uku ita ce ta wanda ya saki reshe ya kama ganye, ganyen kuma ya riƙe shi, saɓanin abin da magabata suka hora mu da shi. J.J. Watt yana da karatunsa kyauta a jami'ar Mishigan ta Tsakiya, ya dubi wannan ni'ima ya ce bai ƙoshi ba, ya ajiye ta ya koma jiharsu ta Wiskonsin, inda kafin ya shiga jami'ar jihar ba gayyata a 2008 ya yi zaman jira yana kai wa mutane abincin Pizza Hut gida-gida. Mai hankali zai ce wannan butulci ne da gajen haƙuri, kuma da ƙiyasi ake bi da mai hankalin ya yi gaskiya, sai ga shi a 2011 ƙungiyar Houston ta ɗauke shi na 11, ya kuma zama gwarzon masu tsaro na NFL har sau uku. Ina dai gargaɗin matasa cewa wannan ruwaya ce ta mutum ɗaya, waɗanda suka saki reshe suka faɗo kuwa ba a rubuta tarihinsu, shi ya sa ba mu da adadinsu.

Ta huɗu, wadda na fi ƙauna, ita ce ta mai kama da akawu, wanda in ka gan shi cikin 'yan wasa sai ka zaci ya zo karɓar rasit ne. Hunter Renfrow na jami'ar Clemson siriri ne, mai sanyin fuska, wanda ba abin da ke nuna jarumta a jikinsa sai tafin hannun da ƙwallo yake manne masa kamar an shafa ƙaro. Ran 9 ga Janairu 2017, a wasan ƙarshe na neman kambun ƙasa, Alabama tana gaba, lokaci ya ƙure, duk idanu suna kan dogaye masu taurari, sai ya sulale gefe kamar wanda aka aika kiran wani, madugunsu Deshaun Watson ya jefa masa, ya cafe saura daƙiƙa ɗaya tak a tashi, aka ƙare 35 da 31. Ɗan'uwansa a wannan ɗariƙa shi ne Stetson Bennett na Jojiya, wanda ake wa laƙabi da masinja saboda hular ma'aikatan gidan waya da ya saba sawa. A 2017 aikinsa a wajen atisaye kwaikwayon madugun abokan gaba ne, har Mayfield ɗin nan ya kwaikwaya. Ya bar jami'ar ya tafi wata ƙaramar kwaleji a Misisipi, ya dawo, ana ta ɗora masu taurari biyar a kansa shi kuwa yana gefe yana jira, har ƙaddara ta ba shi ragama, ya ciyo wa Jojiya kambun da rabonta da shi tun 1980, ya kuma maimaita a shekara ta biye da ci 65 da 7. Magoya bayan da suka yi ta kiran a cire shi su ne suka fi kowa kuka a ranar, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai tuna ya yi istigfari ba.

Ta biyar ta tsintuwa ce, mutumin da ya fito neman wani abu dabam wasan ya tsince shi a hanya. Ezekiel Ansah, ɗan Akra ta ƙasar Gana, ya isa jami'ar BYU a jihar Yuta a 2008 da niyyar ƙwallon kwando, aka gwada shi sau biyu aka sallame shi, ya koma tsere, daga nan a 2010 aka lallashe shi ya gwada wannan. Ranar da aka fara miƙa masa kayan yaƙin sai da aka tsaya aka nuna masa yadda ake sa su, kamar yaron da aka ba rawani bai san ta inda ake fara naɗi ba. Shekara uku bayan haka, a 2013, ƙungiyar Detroit ta ɗauke shi na biyar a duk faɗin ƙasar. Wanda ya fi shi ban al'ajabi shi ne Matt Williams, ɗalibi ɗan kallo a Teksas Tek, wanda a 2008 aka kira shi fili lokacin hutu ya buga ƙwallo daga yadi 30 domin gasar cin kuɗin hayar wata ɗaya. Ya buga ya ci, koci Mike Leach kuwa, wanda masu bugunsa suka daɗe suna ƙona masa rai, ya sa aka nemo shi, kafin shekara ta fita yana sanye da rigar ƙungiya.

Ta shida ba ta ɗaukar raha da yawa, domin ta mai ladabi ce da tsantseni, wanda shi ne farkon zuwa kuma na ƙarshen tashi. Brandon Burlsworth ya shiga jami'ar Arkansas a 1994 da ƙiba da wani tabarau mai baƙin kauri wanda ya sa shi kama da malamin hisabi, ya yi ta aiki ba hayaniya har a 1998 aka lissafa shi cikin zaɓaɓɓun ƙasa. Ƙungiyar Indiyanapolis ta ɗauke shi a watan Afrilu 1999, bayan kwana 11 ajali ya riske shi a haɗarin mota, bai buga mata ko wasa ɗaya ba. Tun 2010 ana ba da kyauta da sunansa ga ɗan gayyar soɗin da ya fi fice a kowace shekara, Mayfield da Renfrow da Bennett duk sun karɓa, gidauniyar da aka kafa dominsa kuma tana raba wa yara masu raunin gani tabarau.

Sai ɗabaƙa ta bakwai, wadda ita ce jamhuri, sauran shidan duk in aka haɗa su ba su kai zakkarta ba. Wannan shi ne wanda ba a san sunansa ba sai a gidansu. Da asubahin hunturu yana ɗakin ɗaga ƙarfe, da hantsi yana aji, da la'asar a ba shi riga mai lambar wani jarumin abokan gaba a ce yau kai ne wane, ya tsaya ƙato mai nauyin buhu uku ya bi ta kansa, in ya tashi yana kaɗe ciyawa koci ya ce a sake domin ƙaton bai sa kafaɗa daidai ba. Ran Asabar ya tsaya a gefen fili da kwalkwali a hannu, rigarsa fes kamar ta ango, mahaifiyarsa kuma ta yi tafiyar sa'a biyar domin ta ga ƙeyarsa. Wani lokaci, in Allah ya nufa, koci yakan tara jama'a ya murtuke fuska ya kira sunansa kamar zai kore shi, sa'an nan ya sanar cewa daga yau an ɗauke masa kuɗin karatu, sai ka ga ƙattan da suka shekara suna niƙa shi sun rufe shi da ihu har ya kusa rasa numfashi, ya zame ya kira gida yana magana ba a gane abin da yake faɗa.

Waliyyin wannan jama'a shi ne E. King Gill na Teksas A&M. Ran 2 ga Janairu 1922, a birnin Dalas, rauni ya cinye 'yan wasan jami'arsa, koci Dana Bible ya kirawo shi daga saman rumfa, ya sauko ya sa kayan wani da ya ji ciwo, ya tsaya yana jiran a ce shiga, har aka tashi ba a ce ba. Saboda wannan tsayuwa kaɗai aka gina masa mutum-mutumi, ɗaliban jami'ar kuma har gobe a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, suna kiran kansu mutum na 12.

Abin da ya sa na gaggauta rubuta wannan fihirisa shi ne, a watan Yuni 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da yarjejeniyar da ta halatta wa jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kuɗi kai tsaye, ta kuma ƙayyade yawan 'yan ƙungiya a kan 105, alhali a da wasu sukan haura 120. Ko ba a faɗa ba an san daga wace tabarma za a fara rage baƙi. Masu lissafi suna da hujjarsu, ban kuma isa in ja da su ba, illa dai ina tunatar da su cewa ma'auninsu ya auna Renfrow da Bennett da Mayfield ya ce ba su cika mudu ba, kuma da a lokacin ƙofar tana rufe, da yanzu ɗayansu yana wani ofis yana buga hatimi, kowa kuma yana cewa aikin ya dace da fuskarsa.