Taku Ɗaya Kawai Na Ci

Mu Kanawa in aka shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ba a daɗewa sai an gangaro kan cunkoso. "Wai daga ina mutane ke ɓullowa ne? Jiya-jiyan nan Rijiyar Zaki gonakin dawa ce!" Kowa ya ce wallahi kuwa, Alhaji. Alhajin nan kuwa shi ya yanka filinsa huɗu, awon igiya, ya bar lungun da makara ma sai an karkata ta take wucewa.

Haka muke. Mai gida ya rasu a raba gado, zaure ya koma shago, turken awaki ya zama ɗakin amarya. Za mu ja katanga, mu ci taku ɗaya a hanya; maƙwabci ya gani ya ci biyu don kada a raina shi. Kududdufin unguwa mu cike da shara, dillali ya sa masa kuɗi. Damina ta zo, ruwa ya rasa masauki ya shigo ɗakunanmu, mu ce gwamnati ba ta yashe kwata ba.

Wani matashi ɗan boko ya ce, "Baba, ai sama za a hau. Bene hawa huɗu, iyali takwas a fili guda."

"Ɗan nan, ka hau sama kana leƙen iyalin mutane a tsakar gida? Ragon layya fa, a matakala za a ɗaure shi? Wa zai yi daka a kan wani?"

To a fita bayan gari mana. An gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, tituna a shimfiɗe. Muka ce nisa, kuma kuɗin ba na talaka ba ne. Wannan na biyun dai gaskiya ne. In kuma muka ci hanya, jami'an hukumar tsara birni ta KNUPDA su shafa jan fenti a bango, kafin asuba mun bi da fari. Da aka yi rusau a Filin Idi a 2023, rabin majalisa tafi, rabi salati, gwargwadon wanda ɗan'uwansa ke da shago a wurin.

Mai shayi ya ce shi dai a rushe duk wanda ya hau hanya, ba sani ba sabo.

"Malam, teburinka fa a kan kwata yake."

"Haba yallaɓai, ai taku ɗaya ne kawai."