Masu Neman Ƙarin Girma a Baƙar Ɗamara

Waɗanda ke jeruwa gaban teburinmu ranar gwajin mataki na uku ko na huɗu ba yara ba ne. A tsarin JKA, ƙungiyar kareti ta Japan, sai mutum ya shekara biyu a mataki na biyu kafin ya nemi na uku, ya ƙara wasu ukun kafin na huɗu. Don haka kowa a layin ya iya naushi, ya iya shuri, ya haddace katarsa, wato jerin motsin da aka tsara. Abin da ya rage mana mu duba shi ne hali, shi kuwa zanen dutse ne, farar riga ba ta rufe shi.

Mai Uzuri ke fara isowa. Gwiwa naɗe da bandeji, ya rusuna ya ce, "Sensei, ba wai sassauci nake nema ba, amma dai gara ku sani." Daga nan sai tarihin gwiwar tun daga faɗuwar babur. In an shiga kihon, wato motsin tushe, bandejin na dama, ɗingishin na hagu.

Mai Ihu yana bin bayansa. Yawancin kata na Shotokan wuri biyu ake kiai, wato ihu, shi kuwa kowane motsi sai ya kwarma, har masu tallar ruwa su leƙo ta taga. Akwai kuma Mai Satar Kallo, wanda in ya ga alƙalamina ya motsa sai ƙafarsa ta rikice, alhali ƙuda nake kora.

Ɓataccen Matafiyi yana ba ni tausayi. Kanku Dai motsi 65 ce, kuma wasu sassanta sun yi kama da na Heian, waɗanda Itosu Anko ya tsara wa 'yan makarantar Okinawa. Sai bawan Allah ya taso da Kanku Dai cikin ƙasaita, a tsakiyar hanya ya zarce Heian Yondan bai sani ba, ya ƙarasa da ƙarfinsa, ya rusuna wa tarin takalman da ke bakin ƙofa.

Amma gwanina shi ne Malam Okinawa. Bai taɓa taka Japan ba, sai dai in ka ji shi sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Ɗamararsa ta tsufa har ta yi fari, zare na reto, ga shi shekara shida ke nan da ɗaura ta. Ana raɗe-raɗin dutsen goge kaushi ya taimaka. In ka tanka, zai gaya maka cewa mutanen da farar ɗamara guda suke ɗaurawa har dauɗa ta mayar da ita baƙa. Labarin da daɗi, amma ba haka aka yi ba: daga judo ta Kano Jigoro aka aro tsarin, Funakoshi Gichin kuma ya fara ba da matakin farko a 1924, shekara biyu bayan ya kai kareti Tokyo. Na sha gaya masa. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Osu." Ka shirya? Osu. Ina takardar shaidarka ta baya? Osu. Motar wa ta tare ƙofa? Osu.

Daɗinsa yana fitowa ne a wurin bunkai. Ka ce ya nuna amfanin motsin farko na Bassai Dai, sai ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya faro daga zamanin sarakunan Ryukyu. Minti biyar ba a ɗaga hannu ba. In an matsa masa, sai ya sassauta murya ya ce ainihin ma'anar motsin ba a nuna ta a bainar jama'a, domin tana kisa. Muka ce to a nuna a hankali, mun ɗauki alhakin. Aka ba shi wani saurayi ya riƙe masa wuyan hannu. Malam ya juya dama, ya juya hagu, ya numfasa, hannu na nan inda yake. Can ya dubi yaron da takaici ya ce, "Ɗana, ba haka ake riƙewa a Okinawa ba." Abin haushin, da ya yi shiru ya shiga Hangetsu, numfashinsa da tsayuwarsa ba su da makusa. Ya ci, kuma na san in lokacin gwaji na gaba ya yi zai dawo da sabuwar lacca.

Kusan kowane gwaji akwai mace guda da ba ta ce uffan tun safe. Ta gama kata daidai inda ta fara, ta rusuna, ta koma ta zauna. Takardarta fara fat, ba abin rubutawa.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Mai Huce Haushi. Duk wanda ya kai wannan mataki ya san ƙa'idar kumite, wato karawa da abokin hamayya: naushi ya fita da cikakken ƙarfi, ya tsaya dab da fata. Tsayarwar ita ce gwanintar, ita muke aunawa. Shi kuwa in an haɗa shi da sa'ansa sai ja da baya da kewaye-kewaye. Bari a ba shi dattijo ɗan shekara hamsin da wani abu, wanda ya yi shekaru yana zuwa horo bayan tashi daga aiki, kuma kata ta riga ta cinye masa numfashi. Nan take zai zama zaki. Hanci ya fashe, jini a rigar mutum, shi kuma ya ware hannu ya ce, "Shi ya shigo." Sannan ya waiwayo teburi yana jiran yabo. Lokacin hutu malaminsa zai matso ya raɗa mini, "Ranka ya daɗe, yaron zafi ne kawai da shi." Wannan da ake kira yaro yana da aji cike da ƙananan yara da iyayensu suka ba shi amana. Ba na ɗaga masa ƙafa, ko wa zai raɗa.

Mu na teburi kuwa, gwano ba ya jin warin jikinsa. Akwai mai lumshe ido yana gyaɗa kai don a ce nazari yake, har sai minshari ya tona shi. Akwai mai daka tsawa a ƙara saukar da tsayuwa, shi kuma sai ya dafa teburi kafin ya miƙe. Akwai wani, ba sai na faɗi suna ba, da ke cika gefen takarda da laƙabin mutane maimakon maki. Amma in ɗan takara ya zo tsallen nan na Empi, ya tashi sama ya juya ya dira, mu ukun mukan haɗa baki mu taɓe mu ce bai yi sama sosai ba. A cikinmu mai ƙaramin shekaru ne ma ya roƙi a sauko da teburin ƙasa, saboda matakala uku na dandamalin.