Shida da Rabi, Amma Babu Kunne

A unguwarmu ta Tudun Wada a Zariya, duk takardar da ta zo da Turanci gidana ake kawo ta: ta asibiti, ta banki, sammacin kotu, har da saƙon waya mai ce wa mutum ya ci motar da bai shiga gasarta ba. Tarihi nake koyarwa a sakandare, amma Bature ake ce min, kuma ban taɓa hana kowa ba. Saboda haka da wata jami'a ta Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu bisa sharaɗin in kawo shaidar cewa ina jin Turanci, sai na ɗauka magatakarda ne ya yi kuskure. Da wane yare na rubuta musu takardar nema? Da Fulatanci?

Ashe Birtaniya na da jerin ƙasashen da ta yarda mutanensu da Turanci suka tashi. Akwai Jamaika, akwai Barbados, babu Najeriya, ƙasar da tun firamare ake zane yaro idan ya yi Hausa a aji. Jami'o'insu da yawa kan karɓi C6 na WAEC a wuce wurin. To ni D7 na samu a Turancin WAEC, NECO ce ta share min hawaye, ita kuwa wannan jami'a ba ta karɓar NECO. Kada dai maganar ta fita unguwa.

Ba makawa sai IELTS, jarrabawar da ake yi tun 1989, wadda Cambridge da British Council da IDP ta Ostareliya suka mallaka. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu, magana. Makin ƙoli 9 ne. Ana so in kawo 6.5, kuma kada wani kashi ya gaza 6. Sakamakon kuwa shekara biyu ake karɓarsa, wato Turancin mutum na iya lalacewa a ajiye. Kuɗin rajista ya fi ƙarfin albashina, sai da uwargida ta kwashi adashenta ta ba ni, tana cewa, "Baban Sadiku, bashi ne fa, ba sadaka ba."

Shirin da na yi, na furuci ne kawai, don a ganina sauran duk a tafin hannuna suke. Mu a makaranta jarrabawar furuci ta WAEC da fensir muka yi ta, muna cike gurabe a takarda, babu wanda ya buɗe baki. Yanzu ga shi za a zaunar da ni gaban Bature na gaske. Na daina jin Sashen Hausa na BBC, na koma na Turanci, ina kwaikwayon mai karanta labarai. Na tattara maganata na mai da ita hanci. Yaran gida suka fara kawo min man zafi. Inna ta aiko da rubutun sha a gora, ta ce a yi addu'a, Allah Ya yaye min murar.

Ranar jarrabawa a Abuja aka karɓe waya, agogo, har hular da na kafa sai da aka leƙa cikinta. Da fasfo da fensir muka shiga wani ɗaki mai sanyin da ya fi na Jos a watan Janairu.

Sauraro aka fara. Tambaya 40, kusan minti 30, kuma sau ɗaya ake sa muryar. Wata mata 'yar Ostareliya ta buga waya tana neman hayar ɗaki. Ta faɗi sunanta harafi-harafi, na rubuta. Ta faɗi lambar waya, na rubuta. Sai ta ce a'a, wannan tsohuwar lamba ce, ga sabuwa. Ina cikin gogewa ta ce za ta zo ranar Talata, ta sake tunani ta ce Alhamis ta fi. Wace irin mace ce wannan marar tsai da magana? A wurinmu, in ba ka ji mutum ba, cewa kake "Na'am?" ya maimaita, shi ne ladabi. Na faɗe ta kuwa, da ƙarfi, don abin kunne ya toshe min jin muryata. Ɗaki duka ya juyo. Mai sa ido ta ɗora yatsa a leɓe. Kafin in gama ba ta haƙuri da hannu, matar haya ta tafi, wani farfesa ya hau lacca kan ƙudan zuma, ni kuwa ina tambaya ta 9 ina jiran wace rana za ta zo.

A karatu akwai wata masifa: a ba ka magana, ka ce gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko ba a ambata ba. Malamin tarihi ya ce ba a ambata ba? Ai ni na sani ko ba a ambata ba. Duk inda marubucin ya yi shiru, na taimaka masa. A rubutu aka ba ni zanen alƙaluma in bayyana shi da aƙalla kalma 150. Na buɗe da shimfiɗa kan muhimmancin lissafi a rayuwar ɗan Adam, da na iso kan zanen har na wuce ƙa'ida.

Sai magana, minti 11 zuwa 14, kai da mai jarrabawa da na'urar ɗaukar murya. Na gyara hanci, na tura ƙofa. Wa zan gani? Baƙar fata, ɗan ƙasarmu, da tabarau. Da ganin idonsa ya san kuɗin mota daga Zuba zuwa Kaduna. Amma na riga na sa hanci, ba ya fita. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, yara da makaranta. Ya ce in faɗi cikakken sunana. Na faɗa da muryar Landan, kamar akuyar da ta shaƙi barkono. Ya ce in maimaita. Sunana fa, wanda liman ya raɗa min.

Ya miƙo min kati: ka ba da labarin wata dabba da ka taɓa ƙauna. Minti ɗaya na shiri, biyu na magana. Ba ni da kare, kyanwar gidanmu kuwa ɓarauniya ce. Sai ragon da na kiwata shekarar da na yi aure ya faɗo min, balami fari mai baƙin kunne. Na ce da hannuna nake dama masa dusa da kanwa, harawa ba na saya sai na shinshina, ina yi masa wanka da sabulun da ni kaina ban samu ba. In ya ji ƙarar babur ɗina daga bakin layi sai ya fara kuka. Ya taɓa tunkuyar mai karɓar kuɗin wuta har cikin kwata, unguwa ta yi masa kirari. Can na lura hancin ya buɗe, Turancina na Zariya ne ke zuba, hannuwa na tashi, mai jarrabawa yana cije leɓe. Ya tsai da ni, ya tambaya ko ragon yana nan har yanzu. Na ce Babbar Salla ta zo. Na ƙara da cewa kitsensa ya kai mu har azumin Tasu'a. Ya sunkuyar da kai kan takardarsa, kafaɗunsa na rawa.

Bayan kwana 13, yadda ƙa'idar ta takarda take a lokacin, sakamako ya fito. Magana 7.5, albarkacin rago. Karatu 6.5, rubutu 6, sauraro 5.5. Jimilla 6.5, amma rabin maki a kunne ya rufe ƙofar. Tun 2023 an fara bari a sake kashi ɗaya kawai, sai dai ga waɗanda suka yi ta kwamfuta. Ni na zaɓi fensir don na fi yarda da shi.

Kawu ya zo jin labari, na ce shida da rabi. Ya yi salati. "Cikin ɗari? Kai da muke kai wa takardu?" Har yau bai yarda cewa 9 ce ƙarshe ba, ya ce babu jarrabawar da ake tsayawa a tara.

Uwargida ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi takardar, ta sa Sadiku ya nuna mata inda na faɗi, ta ce, "Malam, da ni ka tambaya, kyauta zan gaya maka ba ka ji." Tun daga ranar ta karɓi aikin horar da ni. Kayan cefane sau ɗaya take faɗa, daga cikin madafa, ga ƙarar turmi, kuma takan sauya ra'ayi a tsakiya. Jiya ta ce kuɓewa, a'a, kuka, a'a, kuɓewar dai, busasshiya. Na dawo da karkashi. Ta ba ni 4, ta ce ranar Juma'a ake zubin adashe.