Igwar da Ba Ta Tashi, Amma Kuɗinta Na Tashi

Na ji ku, mutanen Lajawa. An ce muku akwai masu zuba kuɗi su sayi 'yar tsohuwar igwa ta tagulla, wadda tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, su girke ta a falo, sai kuka ce kuɗi ne suka rasa mafaɗa. Alhaji har ya fara lissafin bijimai nawa za su ɗauko a karar Wudil ranar Juma'a. A ajiye lissafin tukuna, ranka ya daɗe.

Leƙa ɗakin Hajiya. Tasoshin nan da kwallayen da aka jera tun ranar biki, yaushe aka taɓa zuba musu tuwo? Goge su ake yi, a dawo da su, baƙi su gani su yaba. To, mai igwa ma jere yake yi, nasa ne dai ya zo da baki.

Kun ce kayan Turawa ne? Wane Bature! Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a birninsa maƙera suka riƙa zuba masa igwa. Sai bayan shekara 19 Baturen soja Kanal Morland ya fasa ƙofar Bebeji da tasa igwar, ya doshi ganuwar Kano a 1903.

Samari masu kukan tsadar lefe kuma, ku gode wa Allah. A ƙasar Burunai da sauran tsibirin Borniyo, ƙananan igwa na tagulla kuɗi ne a da: da su ake ciniki, da su ake biyan tara, har cikin kayan aure ake kai su. Da a can aka haife ku, da surukai sun tambaye ku igwa nawa kuka zo da ita, ba akwati nawa ba.

Malam yana cewa to me ya sa take tsada, alhali ko tsuntsu ba ta kora daga gero? Tambayi maƙerin fari. Da kakin zuma ake fara siffanta ta, a zana mata ado, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, sannan a kwarara narkakkiyar tagulla. Kafin a fito da ita sai an fasa yumɓun, don haka ba ta da tagwai. Hannun maƙeri da shekaru ake saye. Shi ya sa 'yan damfara ke binne sabuwa a ƙasa ta yi tsanwa, su ce ta kakan kaka ce.

Saboda haka, wanda ya tsinci tsohuwar tagulla a adakar kakansa, ya kai ta Kasuwar Kurmi ko Gidan Makama a duba masa, kada ya miƙa wa 'yan gwangwan a kilo. In kuwa kun ƙi ji, jikokinku ne za su biya kuɗin shiga su kalle ta a bayan gilashi.