Tudun da Ya Cinye Mini Ciniki

Ni haifaffen Tiendpalogo ne, maƙwabciyar Zangouettin, inda Hausawan Wagadugu suka yi zango tun kaka da kakanni. A 2003 aikin gwamnati na ZACA ya rushe unguwar, aka kwashe mu zuwa gefen Ouaga 2000, amma har yau in an tambaye ni gida, Tiendpalogo nake cewa. Garin namu kuwa shimfiɗe yake kamar faifai. Ajiye ƙwai a titin Kwame Nkrumah, nan za ka dawo ka same shi, sai dai in babur ya taka.

Kawuna mai sayar da kayan azurfa da na fata shi ya jefa ni cikin wannan lamari. Ya ce Faransanci kowa na yi, in je in koyo Sifaniyanci kafin baje kolin SIAO, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. Ya haɗa ni da wani makanike, ɗaya daga cikin yara 600 da Shugaba Sankara ya tura karatu Kyuba a 1986. Mutumin kirki ne, sai dai begen duwatsu ya kama shi. Maimakon ya fara da ƙidaya da ciniki, sati uku muna hawan Sierra Maestra da baki. Cuesta, tudu. Pendiente, gangare. Empinado, hawa mai miƙewa. Barranco, kwazazzabo.

Na ce, "Malam, ni fa ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

Ya ɗauke ni a babur har gadar sama ta Ouaga 2000, ya sauke ni a gindinta, ya kashe inji ya ce in tura. Ina turawa ina haki, yana biye da ni yana ihu, "Cuesta arriba, ƙanena!" Wai haka masu Sifaniyanci suke cewa in abu ya yi wa mutum tsauri. Har watan Janairu tudu ne a wurinsu, la cuesta de enero, saboda bukukuwan ƙarshen shekara sun lashe aljihu. Wannan kam na gane shi nan take, domin na san fuskar magidanci sati ɗaya bayan ragon layya.

Ranar baje koli Kawu ya tafi Azahar ya bar mini rumfa. Sai ga wata Baturiya, ta ɗauki 'yan kunnen azurfa, ta ce da ƙawarta wani abu da harshen da na sha wuya a kansa. Na gyara hula na gaishe ta. Ta yi murna, ta ce, "¿Cuánto cuestan estos pendientes?"

Tudu da gangare a jimla ɗaya! Na ce a raina Allah Ya kawo ni gida. Na ba ta haƙuri cewa a Wagadugu babu, sai ta nufi yamma. Na zana mata hanyar Bobo-Dioulasso a bayan kwali, daga nan Banfora, daga nan duwatsun Sindou. Na ƙara da Ténakourou, mafi tsawo a ƙasar, mita ɗari bakwai da 'yan kai. Tana kaɗa mini 'yan kunne a fuska, ni kuma ina ɗaga hannu sama ina cewa empinado, muy empinado. Ina jin ta ɗauka kuɗin ne ya miƙe haka, don ajiyewa ta yi a hankali, ta matsa rumfar wani Buzu, ta sayi guda uku ina kallo.

Da dare na kai ƙara wurin Malam. Ya yi dariya har sifana ta faɗi daga hannunsa. Ashe cuánto cuesta na nufin "nawa yake ci" in ana ciniki. Pendiente kuma in mace ce gangare, in namiji ne ɗan kunne. Ka ji harshe, an ba namiji ɗan kunne an bar mace da gangare.

Na ce, "To Malam, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce a Kyuba arete suke cewa, wancan na mutanen Sifaniya ne, kuma shi ba ɗan kunne aka tura shi koyo ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya dai karɓi kwalin da na yi zane, ya juya shi, ya rubuta kuɗin 'yan kunne uku da sunana a sama.