Ranar da Taɓarya Ta Fi Ni Lafiya

Tarihin Kano ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, da ƙafa suka taka har Dutsen Dala neman tama, tafiyar wajen kilomita 60. Ni ma ɗan Gaya ne, sai dai wannan gado bai biyo ta gidanmu ba. Ko masallacin unguwa za ni, babur nake hawa. Tsakanin kujerar ofis da bencin majalisa na tara tumbin da yake riga ni shiga ɗaki. Da aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri, in riƙa tafiya a ƙasa, sai na ga maganin ya yi araha da yawa. Mu 'yan boko shawarar da ba a biya kuɗi ba ba ta shiga kunnenmu.

Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na ci karo da wani mai talla da lasifika. Ya ɗaga wani agogo baƙi sumul, ya ce yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya da hawan jini da suga, har barcin mutum yana lissafawa. "Alhaji, wannan asibiti ne sukutum a hannunka. Taku 10,000 kullum, kai da likita sai dai gaisuwa." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma wannan "Alhaji" shi ya gama cinikin.

Abin da mai talla bai faɗa mini ba shi ne, a Gaya magidanci ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. Na fito bayan sallar asuba ina sauri ina wurga hannuwa, ban kai bakin titi ba wani ɗan acaɓa ya ci burki. "Malam, ina babur ɗin? Hau in sauke ka, ba sai ka biya ba." Na ce motsa jiki nake yi. Ya dube ni da tausayi ya ce Allah ya kawo sauƙi. Gaba kaɗan wata tsohuwa mai ƙosai ta tare ni: "Ɗan nan, wa ya rasu?" Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa bashi ya sa na sayar da babur. Da magariba sai ga yaro daga gidan surukaina da tiya biyu ta gero, da saƙon cewa kowa yana shiga irin wannan hali, a yi haƙuri. Uwargida ta karɓi geron ba tare da ta gyara wa kowa zance ba.

Shi kuwa agogon ba shi da kunya. In mutum ya daɗe a zaune sai ya hau ɓari a hannu, ya nuno hoton wani ɗan mutum yana gudu. Ana tsakiyar huɗuba ya yi mini haka, na zabura na yarfe hannu, dattijon da ke gefena ya tattare rigarsa yana duba tabarma, a zatonsa kunama ce.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan Baffana, a wani ƙauye na ƙasar Ajingi, can wajen Toranke. Ranar suna na hau babur tun da sassafe. Da na sauka daga kwalta hanyar ta koma yashi da gargada, irin wadda damina ta gama wasa da ita. Ina tsayawa a ƙofar gida agogo ya ɗau ɓari, ya nuno kofin zinariya: na cika taku 10,000. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba sai inda na dogara kada yashi ya kayar da ni. Na ce to, arziki ba a mayar da shi.

Bayan an raɗa suna an raba goro da dabino, na ɗan janye hannun riga yadda kowa zai gani. Nan da nan aka yi layi. Na zauna a kan tabarma ina ɗaura wa mutane ɗaya bayan ɗaya, har wani ya fara ce mini Dakta, ni kuma ban hana ba. Yaro ɗan firamare, jininsa daidai. Liman, daidai. Wani tsoho da ya shekara yana shan ƙwayar hawan jini, shi ma daidai, ya ɗaga hannu ya yi hamdala ya ce daga yau ya huta da sayen magani.

Mata suka aiko daga cikin gida cewa Inna ma tana so a duba ta. Agogo ya shiga, shiru-shiru bai fito ba. Da ya dawo yana ƙanshin gero, takuna sun ninka. Ashe wata amarya ce ta ɗaura shi don ado ta ci gaba da dakan fura.

Baffa yana gefe yana kallo. Mutum ne da ba ya sayen akuya sai ya buɗe bakinta. Ya ce, "Kai yaro, wannan abin naka kowa lafiya yake ce masa?" Na ce ai ilimin zamani ne, Baffa. Ya ce a ɗauko masa taɓarya. Da hannunsa ya ɗaura mata agogon, ya ce in danna. Koren haske ya yi ƙyaf-ƙyaf a jikin icen, sai ga lambobi: zuciya tana bugawa yadda ake so, jini 120 bisa 80, suga babu laifi. Baffa ya gyaɗa kai. "Alhamdu lillahi. Taɓaryar gidan nan ita za ta binne mu duka."

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Wani shaƙiyyin yaro ya ce a gwada ragon suna, wanda tuni aka yanka aka rataye. Aka ɗaura masa a ƙafa, agogo ya ce zuciyarsa na aiki. Mahauci ya ajiye wuƙa ya ce, "Dakta, in da sauran rai a gaya mini, kada in feɗe bawan Allah da ransa." Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

'Yar Baffa, wadda ma'aikaciyar lafiya ce, ita ta ja ni zaure. Ta ce, "Yaya, agogo bai san ƙafa ba, girgizar hannu yake ji, shi ya sa gargada da daka duk tafiya ce a wurinsa." Koren hasken nan, in ji ta, a agogon ƙwarai yana leƙa kaiwa da komowar jini a ƙarƙashin fata don ya ƙirga bugun zuciya, amma na bogi lambobi kawai yake zubowa. Batun suga kuwa, tun Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Shi kansa 10,000 ɗin da nake ta haƙilo a kai daga talla ya fito: wani kamfanin Japan, Yamasa, ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965 ya tallata ta da wannan adadi. Binciken da masana na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2019 a kan tsofaffin mata ya nuna amfanin tafiya yana bayyana tun daga taku 4,400, ya daidaita a wajen 7,500.

Sai 'yar Baffa ta buɗe jaka ta fito da abin awo na gaske, mai matse damtse. Nawa jinin yana nan sama inda na bar shi. Ta aika a kira tsohon nan da ya yi hamdala. Nasa ya fi nawa hawa, ta zaunar da shi ta yi masa magana a hankali har ya yi alkawarin ba zai bar ƙwayarsa ba. A nan dariya ta ƙare mini, don da ya koma gida da fatawar agogona, abin da zai biyo baya ba na raha ba ne.

Agogon yanzu yana hannun uwargida, ta ce yana nuna lokaci daidai in an samu wutar caji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau 5, kuma gishiri kada ya kai giram 5 a rana. Wannan ba ya buƙatar batir. Mai son sanin jininsa ya je asibiti mafi kusa a matse masa damtse, kuma kada kowa ya ajiye maganinsa don wani abin hannu ya ce masa lafiya lau. Ku kuma mutanen Gaya, in kun gan ni da sassafe ina sauri a ƙasa, ku amsa sallamata ku wuce. Babu wanda ya rasu, babur yana nan a zaure, gero kuma ya isa haka.